Horon kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara ga likitoci masu neman ƙwarewa

Kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa wani zango ne da likita ke bi ta cikinsa yayin da yake neman zama ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa. A Najeriya hukumomi biyu ne ke tsara horon tare da shirya jarrabawarsa: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. A Amurka, inda horon ke ɗaukar shekara 4, wata 2 aka wajabta wa wannan zango, mai son zurfafawa kuma ya ƙara shekara 2.

Dalilin wajabta shi a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Ga shi kuma ƙwararrun fannin ba su da yawa a Najeriya. Saboda haka likitan da ke duba manya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, shi ne dai za a kawo wa yaron. Abin da ya koya a 'yan watannin nan, da shi zai yi aiki har ya yi ritaya.

Abu mafi wuyar koyo shi ne sauraro. Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa. Sai dai ya ce ciki ko kai ke ciwo, ko ya ƙi makaranta, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Dole likita ya ji ta bakin uwa, ya ji ta bakin kaka ko malami, sannan ya zauna da yaron shi kaɗai, wani lokaci da takarda da fensir, domin a gaban manya kunya kan rufe masa baki. Sau da yawa ana zuwa asibiti ne bayan an gwada ruƙiyya da rubutu, kuma likitan da ya raina wannan ba zai sake ganin iyayen ba. Yana koyon bambance farfaɗiya da abin da gida ke kira bugun iska, da gane galahanga, da ƙiriniyar da ta wuce kima, da shan tiramol a tsakanin samari, da firgicin yaran da rikici ya koro daga Borno da Yobe. Magani kuwa ana auna shi da nauyin yaro, kuma ba kullum da shi ake farawa ba.

Mai son ƙarin ilimi yakan nufi Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa ta Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa, inda ake ba da digiri na biyu a fannin.