Hukuncin kisa ga mai kisan jere

Mai kisan jere shi ne wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, ya ɗauki lokaci kafin ya sake. Ko ya cancanci a kashe shi, tambaya ce da ta raba kan masana shari'a da malamai, kuma a nan ne hujjar masu goyon bayan hukuncin kisa ta fi ƙarfi.

A Nijar hukuncin yana cikin dokar laifuka, kotuna a Yamai da sauran jihohi suna yanke shi, amma rabon da a zartar tun 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Seyni Kunce. Wanda aka yanke wa sai ya ci gaba da zama a kurkuku, wani lokaci shugaban ƙasa ya mayar masa ɗaurin rai da rai. A Disamba 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, an kawo shawarar soke hukuncin, majalisar tuntuɓa ta ƙi. Faransa kuwa, wadda aka gaji tsarin kotunan daga gare ta, ta soke shi tun 1981.

Galibin masu goyon baya daga addini suke ɗauko hujja. Ayar ƙisasi a Suratul Baƙara ta ba dangin mamaci zaɓi: a kashe, ko su yafe su karɓi diyya. Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan Yamai da Tawa, ta ware kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi a ɓoye. Risalar Ibn Abi Zaid ta ce babu afuwa a cikinsa, ko dangi sun yafe. Yawancin kisan jere a wannan babi yake faɗawa.

Masu adawa kuskure suke tsoro, kuma misalinsu mafi nauyi daga kisan jere ya fito. A 1950 aka rataye Timothy Evans a Landan kan kisan 'yarsa. Babban shaida a kansa maƙwabcinsa ne, John Christie, wanda bayan shekara uku aka gano gawarwakin mata a gidansa. An yi wa Evans afuwa a 1966, yana kabari.

Akwai kuma batun gawarwakin da ba a gano ba. A Amurka, Gary Ridgway ya amsa kisan mutum 48 a 2003 bisa sharaɗin ba za a kashe shi ba, sannan ya nuna inda ya jefar da wasu. Ted Bundy kuwa sai gab da kashe shi a 1989 ya amsa kisa 30, ya tafi da sauran bayanin.

Hujjar tsoratarwa, wato cewa tsoron hukuncin kisa zai hana mutum aikata laifin, ita ce mafi rauni a nan, domin irin wannan mutum yana kisa ne da yaƙinin ba za a kama shi ba.