Yaya Ake Hango Takun Da Zai Gama Wasa A Gasar Ces?

A waya nakan warware tarkon ces (wasan darar Turawa) cikin minti ɗaya, amma a gasa sai in wuce ta kansa ban gani ba. Me ya sa?

A waya an riga an tsegunta maka cewa akwai nama a wurin, naka kawai nema. A gasa kuwa ba mai taɓa ka ya ce duba nan. Agogo na tafiya, ga abokin karawa ya zuba wa allo ido, wayar ma an hana ka shiga da ita. Dole allon da kansa ya ba ka labari.

Wane irin labari?

Alamu ne. Ɗan da ke tsaye ba mai gadinsa. Sarkin da har yanzu yake tsakiya, ko wanda sojojinsa uku suka toshe masa gaba a layin baya. 'Ya'ya biyu masu daraja a kan layi guda, ko a inda doki zai dira ya haɗe su da hari ɗaya. Da ka ga biyu daga cikin waɗannan sun haɗu, ka janye hannu ka gyara zama.

In na tsaya, da me zan fara?

Da takun da ke tilasta wa abokin wasa: harin sarki tukuna, sai ci, sai barazana. Amsoshinsa kaɗan ne, lissafin ba ya rassa da yawa. Kada ka tsallake wanda ya yi kama da hauka.

A 1956, a birnin Niyok, Bobby Fischer yana ɗan shekara 13 ya kara da Donald Byrne. Bishof ɗin Byrne (ɗan da ke tafiya a karkace) ya auna sarauniyar Fischer, kowa na jiran ta gudu. A taku na 17 yaron ya ƙyale ta, ya ja nasa bishof zuwa gidan e6 (da harafi da lamba ake kiran gidajen allon). Byrne ya ci sarauniya. Daga nan doki da bishof suka dinga kai wa sarkinsa hari bi da bi, yana kai-kawo tsakanin gida biyu kamar kaza a akurki. Ƙura na lafawa, Fischer ya kwashi hasumiya (ɗan da ke tafiya a miƙe) da bishof biyu da soja a madadin sarauniya ɗaya, ya kuma rufe sarkin a taku na 41. Ba tsafi ba ne: Byrne ya yi jinkirin ɓoye sarkinsa, yaron ya bi layin tilas har ƙarshensa.

Taku nawa zan hango gaba?

Har inda ci da hari suka ƙare. Sau da yawa uku ko huɗu ne.

Manya ma suna kuskurewa?

Sosai. A 2006, a Bon ta Jamus, zakaran duniya Vladimir Kramnik yana karawa da kwamfutar Deep Fritz, ya nutsa cikin nasa shirin, ya kai sarauniya e3. Kwamfuta ta ajiye tata a h7, wasa ya ƙare nan take. Dokin da ya tsaya mata yana f8, can layin bayan Kramnik, inda ido bai saba ganin dokin abokin gaba ba. A ganina wannan ya fi labarin Fischer amfani ga ɗan gasa, domin yawancinmu ta nan ake cinye mu. Kafin ka taɓa ɗa, tunda in ka taɓa sai ka taka da shi, ka ari kujerar abokin karawa a zuci: in na yi wannan, wane hari ko ci yake da shi?