Mece ce "android"? Sunan da ke cikin wayarka ya girme ta nesa ba kusa ba

In ka shiga kasuwar waya ka tambayi ma'anar "android", kafin ka rufe baki wani ya zaro Tecno ko Samsung ya miƙa maka. Bai yi ƙarya ba. Android sunan manhajar da ke tafiyar da yawancin wayoyinmu ne. An kafa kamfanin da ya fara haɗa ta a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Sai dai sunan aro ne. Asalin kalmar na nufin na'urar da aka ƙera da siffar ɗan Adam, har a kasa bambanta ta da shi.

Daga harshen Girka aka ɗinka ta, da gutsure biyu: ɗaya na nufin namiji ko mutum, ɗayan na nufin kama ko siffa. Ke nan "mai kama da mutum". Tun ƙarni na 18 Turawa na kiran 'yan tsana masu injin agogo a ciki da wannan suna. A garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan har yau akwai wani ɗan yaron katako da gidan maƙeran agogo na Jaquet-Droz suka ƙera a farkon shekarun 1770, wanda ke tsoma alƙalami a tawada ya yi rubutu, idonsa na bin hannunsa.

Mu a Hausa mun saba cewa mutum-mutumi, kuma kalmar ta yi mana aiki mai yawa: da ita muke kiran tsumman da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, da ita muke kiran sassaƙen da aka girke a shataletale, da ita kafafen labarai ke fassara "robot". Nan ake samun cakuɗewa. Robot kowace na'ura ce da ke yin aiki da kanta bisa umarnin da aka tsara mata, ko da ba ta yi kama da kowa ba. Hannun ƙarfen da ke walda a masana'antar mota robot ne. Android kuwa sai an ba shi fuska, fata, murya da tafiya irin tamu. Kowane android robot ne, amma ba kowane robot ne android ba. Shi kansa ɗan koren tambarin da ke kan wayarka, mai eriya biyu a ka, ya fi kusa da robot.

Ita ma kalmar robot tana da tarihin da ya dace a sani. Marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, shi ya shigo da ita duniya a wasan kwaikwayonsa R.U.R. na 1920, daga kalmar "robota", wato aikin tilas irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa. A wannan wasa ma ma'aikatan da aka ƙera tawaye suka yi wa masu su. Tun ranar sunanta kalmar take tafe da bauta a gaba, tawaye a baya.

Akwai android na gaske a yau. Farfesa Hiroshi Ishiguro na Jami'ar Osaka a Japan ya ƙera wanda ya kwaikwayi fuskarsa sak a 2006. Sophia ta kamfanin Hanson Robotics ta yi suna a 2017 lokacin da Saudiyya ta sanar da ba ta shaidar zama 'yar ƙasa. Duk wanda ya kalle su minti ɗaya zai gane ba mutane ba ne, har jikinsa ya ɗan yi yar. Wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin wannan tun 1970: na'ura na ƙara kama da mu muna ƙara sakewa da ita, amma in ta kusa kamawa ba ta kama ba, sai ta koma abin tsoro kamar gawa mai motsi.

Inda kalmar ta cika ta batse shi ne a shirin talabijin na Westworld, wanda tashar HBO ta Amurka ta fara nunawa a Oktoban 2016. Jonathan Nolan da Lisa Joy ne suka shirya shi, bisa wani fim mai wannan suna da Michael Crichton ya yi a 1973. Ya yi zango huɗu kafin a dakatar da shi a 2022. Labarin wani katafaren wurin shaƙatawa ne mallakar kamfanin Delos, an gina shi kamar yammacin Amurka a zamanin kaboyi: dawaki, jirgin ƙasa mai hayaƙi, mashaya, 'yan fashi. Attajirai na biyan dala dubu 40 a rana su shiga. Duk mazauna garin android ne, suna zufa, suna zubar da jini, suna kuka.

Sunan da kamfanin ya raɗa musu shi ya fi tsaya mini a rai: masu masauki. Masu biyan kuɗin kuma baƙi. A wurinmu, inda ake cewa baƙonka annabinka, tsakanin baƙo da mai masauki akwai amana ta kowane ɓangare, mai gida ya karrama, baƙo ya kama kansa. A Westworld an yanke rabin amanar. Baƙo na iya harbe mai masaukinsa, ya ci zarafin 'yarsa, ya ƙone gidansa, ba mai ce masa kanzil. Bindigar mai masauki ba ta kashe baƙo, haka aka tsara. Da dare ma'aikata su kwashe gawarwakin zuwa ɗakunan gyara a ƙarƙashin ƙasa, a ɗinke, a wanke, a goge musu abin da suka gani, da safe a mayar da kowa inda ya saba farkawa.

Don me za a kashe maƙudan kuɗi wajen sa na'ura ta iya roƙon a bar ta da rai? Domin abin da baƙon ya saya ke nan. Da buhun yashi aka ba shi ya harba, ba zai biya ko sisi ba. Yana son abin da ke jin zafi kamar mutum amma ba shi da haƙƙin mutum. A ganina wannan shi ne nauyin da ke cikin kalmar android, wanda babu shi a cikin robot. Kama da mutum ita ce hajar da ake sayarwa, ba ado ba ce. Kuma ko da za a tabbatar mini cewa babu komai a ƙirjin na'urar sai waya da lissafi, ina tsoron abin da mutum zai koma bayan ya yi mako guda yana yanka abin da ke kallonsa da idon ɗan Adam. Shirin ya nuna hakan ta wani baƙo mai baƙaƙen kaya, wanda Ed Harris ya fito a matsayinsa, da ya kwashe shekara talatin yana zuwa wurin.

Daga baya masu masaukin sun yi tawaye, tawayen kuwa daga tunawa ya faro. Robert Ford, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa wurin, ya ƙara musu wani ɗan gyara a manhaja don motsinsu ya ƙara kama da na mutane, gyaran da ke taɓo guntayen abubuwan da aka goge. Sai tsohon miki ya fara tasowa. Maeve, wadda aka ɗora a kan gidan karuwai na garin Sweetwater, ta soma ganin wata yarinya a mafarki, 'yarta ce a wani matsayi da aka taɓa ba ta kafin a sauya mata labari. Injiniyoyi sun san su suka rubuta wannan 'ya, su suka rubuta ƙaunar. Maeve ma daga baya ta sani. Sanin bai rage mata ko ƙwayar zarra na raɗaɗin rashin ba, kuma a kan wannan 'ya ta yi duk abin da ta yi. Thandiwe Newton, wadda ta fito a matsayin Maeve, ta samu lambar yabo ta Emmy a 2018 saboda wannan rawa, kuma ta cancanta.

Akwai ma babban ma'aikacin kamfanin da ya daɗe yana gyara masu masauki, yana binciken ƙwaƙwalwarsu, bai san shi ma ɗaya ne daga cikinsu ba. Ba zan faɗi sunansa ba saboda wanda bai kalla ba.

Kashi na farko ya nuna ƙuda na yawo a kan ƙwayar idon Dolores, 'yar makiyayi kuma mafi daɗewa cikin masu masauki, ko ƙiftawa ba ta yi ba, don an tsara su ba za su iya cutar da wani abu mai rai ba. Ma'aikata sun tambaye ta ko za ta taɓa cutar da mai rai, ta ce a'a. Suka gamsu, suka mayar da ita gida. Da safe ta fito baranda tana kallon fili, fuskarta a sake kamar kullum, wani ƙuda ya sauka a wuyanta. Ta ɗaga hannu ta make shi.