Kuɗin agaji da na sulhu a Kaduna: ga amsoshin, dan Allah a daina kira na da tsakar dare

Ni ɗan kwamitin agaji ne na unguwa, ba ma'aikacin gwamnati ba, ba kuma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Tambayoyin nan kullum su ne dai, to na rubuta su wuri ɗaya, wanda ya sake yi min su zan turo masa wannan kawai.

Akwai fom ne? Ina so a saka sunana.

Babu fom. Duk wanda ya turo maka wani abu a WhatsApp wai ka cike ka tura kuɗin rajista za a ba ka tallafi, ɓarawo ne. Kar ka ba kowa BVN ɗinka ko lambar katin ATM.

Wai kuɗin nan daga ina suke fitowa?

Hanya uku. Akwai na gwamnati, wato hukumomin ba da agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da aka kafa a 1999 da SEMA ta jiha. Akwai na ƙungiyoyin waje. Sai namu na gida, abin da ake tarawa a masallatai da coci-coci da kasuwa, da 'yan agaji irin na Jama'atu Nasril Islam da Red Cross masu sa jikinsu. Ranar da abu ya faru na gidan nan ne ke fara isowa, sauran sai an rubuta rahoto an sa hannu an jira.

Shi sulhu har sai da kuɗi? Ba zama ne kawai a yafi juna ba?

Haba malam. Wa zai zuba man motar da za ta ɗauko arɗo daga ruga da dagaci daga ƙauye? Wa zai ciyar da su, wa zai nemi wurin da kowane ɓangare ba ya tsoron shiga, wa zai sa kati ya dinga kira duk sanda aka ce saniya ta shiga gona tun kafin maganar ta zama gawa? Kuma zama ɗaya ba ya yi. Ku duba tarihin garin nan mana. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye abokan gaba ne a da, faston ma hannunsa ya rasa a rikicin 1992 na lokacin Zangon Kataf, daga baya suka haɗu suka fara aikin sasanta mutane tare tun 1995. Su suka yi faɗi-tashin da malamai da fastoci 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Makarfi. Wata uku kacal bayan nan, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta Miss World ya tashi. Haka ta Kafanchan a Maris 2016, wadda wata cibiya ta Janiba ta shiga tsakani, kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a kudancin jihar. Ba wai aikin banza suka yi ba, a'a, sa hannu ne mai arha, bibiyar da ke bayansa ita ce mai cin kuɗi kuma ita ce ba mai son biya saboda ba ta da hoto.

Ai duk cin kuɗi ne, taro a otal da alawus.

Wani haka ne, ba zan kare kowa ba. In ka ga taron sulhu babu ko mutum ɗaya da aka ƙona wa gida a ciki, sai masu babbar riga da ruwan roba, to ka san na cike takarda ne. Amma kar ka yi wa kowa kuɗin goro.

Mun tara kuɗi a masallacinmu bayan an ƙona gidaje a layinmu, gidajen akwai na Musulmi akwai na Kirista, kuma wasu sun ce abin da suka bayar zakka ce. Ya za mu raba?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ba ɗaya ba ce, ya danganta. Ni ba malami ba ne, saboda haka ɓangaren fatawa ku kai wa malaminku, zan faɗi abin da aka saba ne kawai.

Da farko ku raba littafi biyu tun kafin kuɗin su cakuɗe, zakka daban sadaka daban, duk wanda ya kawo a tambaye shi wacce ce. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai suna kan cewa ba a ba talakan da ba Musulmi ba daga cikinta, duk da akwai maganar waɗanda ake lallashin zukatansu da malamai suka yi saɓani a kai. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take, aya ta 8 a Mumtahana ta yarda da kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba, balle maƙwabcin da kuke shan ruwan rijiya ɗaya. Wasu malaman ma sun sa wanda ya ci bashi domin ya sasanta mutane cikin masu cin zakka, amma wannan ma a tambaya tukuna. To a aikace sai zakkar ta tafi gidajen Musulmi mabuƙata, sadakar ta cike na sauran, yadda in an gama kowane gida abin da ya shiga cikinsa kusan ɗaya ne. In sadakar ba ta kai ba, ku je wurin kwamitin cocin layin ku ji me suka tara, sau da yawa su ma suna nan da irin wannan ciwon kan.

Sai dai inda rigimar take ba a fatawa ba ne, a lis ɗin waɗanda za a ba ne. Lis ɗin nan shi ke gyara unguwa ko ya ƙara ɓata ta. Kar mutum ɗaya ya zauna a ɗaki ya rubuta, a bi gida-gida da ƙafa, da mai unguwa da liman da fasto da mata biyu aƙalla, don akwai abin da matar gida ba za ta faɗa wa namiji ba. A tambaya waye ke kwana a ɗakin, ba waye mai gidan ba, don abin da aka saba gani shi ne mai gida yana can Barnawa ko Malali cikin kwanciyar hankali ya zo ya karɓi bandir ɗin kwano da siminti, ɗan hayan da katifarsa da keken ɗinkinsa da takardun makarantar yaransa suka ƙone ya tashi a tutar babu. A kuma nemi waɗanda suka gudu wurin 'yan uwa, musamman matan da aka kashe wa maza, su ba sa nan ranar rubutu kuma ba su da mai yi musu magana. In an gama a karanta sunayen da ƙarfi a gaban kowa kafin a sauke buhu ko ɗaya.

Rabon kuma wuri ɗaya ko wuri biyu? Nan ma ya danganta. In zukata sun ɗan huce wuri ɗaya ya fi, kowa ya ga tiyar da aka auna wa ɗan uwansa. In har yanzu ana hararar juna kar ku tara mutane don neman suna, a yi wuri biyu amma rana ɗaya, ma'auni ɗaya, kowane wuri da shaida daga ɗaya ɓangaren. Garin nan tun rikicin shari'a na 2000 kogi ya raba mu, Musulmi suka koma Rigasa da Tudun Wada Kirista suka koma Sabon Tasha da Television, 'yan layukan da suka rage a cakuɗe ba za su jure jin an ba su an hana mu ba. In kuma mai kuɗin ya kafe cewa mutanensa kaɗai, dukiyarsa ce, a cika masa sharaɗinsa ko a mayar masa, amma kar a yi shelar cewa na duk unguwa ne.

Kuɗin Turawa ba da wata manufa suke zuwa ba?

Kowane mai bayarwa da abin da yake so, har ɗan siyasar unguwarku. Ku karanta sharuɗɗan, in akwai wanda ya saɓa wa addininku ku ƙi. Kuma ku kwantar da hankalinku, yanzu ma ba su da yawa, tun Janairun 2025 da Trump ya dakatar da tallafin waje aka kuma rufe hukumar tallafin Amurka ta USAID ayyuka da dama suka tsaya.

Ambaliya ta zo, me zan kawo?

Tabarma, gidan sauro, bokiti, sabulu, audugar mata, abincin da ba ya buƙatar doguwar dahuwa. Dan girman Allah a daina kawo yagaggun kayan da ake neman inda za a zubar, mutanen nan ruwa ne ya ci su, mutuncinsu yana nan. Kuma kowa ya san Agusta da Satumba kogin Kaduna na cika, ya san halin Kigo Road da sauran unguwannin bakin ruwa, ba a fafe gora ranar tafiya, a fara tarawa tun farkon damina.

Muna so mu buɗe ƙungiya mu ma a dinga ba mu.

In don a dinga ba ku ne, ku bari. In aiki za ku yi, rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da amintattu, takardar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram) ta wajen EFCC, akawun da sunan ƙungiya, da risit na duk abin da ya fita.

Zan iya ɗaukar hoton waɗanda na ba?

Ka tambaye su. In sun ce a'a, a'a ne. Yara kuma kar ma ka fara.

To in turo ta akawun ɗinka?

A'a. Na kwamiti, mai sa hannun mutum uku, kuma ka ajiye alat ɗinka.