Dokar Turawa kan koko da manja: ina ruwan Damagaram?

Tarayyar Turai ta zartar da wata doka a 2023 wadda ta ce kaya bakwai ba za su ƙara shiga kasuwarta ba sai an kawo shaida cewa ba daji aka sare aka samar da su ba. Kayan su ne koko, kafe, manja, roba, waken soya, katako da shanu, har da abin da aka sarrafa daga cikinsu kamar cakulan da taya da takarda.

Ranar da suka ja layi ita ce 31 ga Disamba 2020. Duk gonar da aka share daji aka yi ta bayan wannan rana to kayanta ba su da shiga Turai, ko da gwamnatin ƙasar ce da kanta ta ba ka izinin sharewa, su ba ruwansu. Kuma ba a nan ta tsaya ba, dole kayan su bi dokokin ƙasar da aka noma su, maganar mallakar fili da haƙƙin lebura da haraji duk a ciki.

To yaya za su sani? Nan ne aikin yake. Kamfanin da zai shigar da kaya sai ya cike takarda ta intanet ya sa lambar GPS ta kowace gona da kayan suka fito, in gonar ta wuce hekta 4 ma sai an zagaye iyakarta gaba ɗaya an zana, sannan a duba da hoton tauraron ɗan adam a ga ko akwai daji a wurin kafin 2021. Ka duba fa, buhun koko ɗaya a Abijan yana iya haɗa kayan manoma da yawa, ɗan kamasho ya bi ƙauye ƙauye da babur yana saye kilo kilo yana zubawa waje guda, yanzu a ce kowane kilo sai an san gonarsa. Wanda aka kama da laifi ana iya ƙwace kayan, tara kuma tana iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfanin na shekara a Turai. Ƙasashe ma an raba su gida uku, masu ƙaramin haɗari hukumomin Turai za su binciki kashi 1 cikin ɗari na kamfanonin da ke kawo kaya daga can, matsakaita kashi 3, masu babban haɗari kashi 9.

Da farko an ce ƙarshen 2024 za a fara aiki da ita, Indonesiya da Maleshiya da Brazil suka yi ca, kamfanonin Turai su ma suka ce ba su shirya ba, aka ɗage zuwa ƙarshen 2025, aka sake ɗagewa.

Mu a nan riɗi, wake, albasa, aya, ƙaro, babu ko ɗaya a jerin. Fatar akuya da ta tumaki ma babu, fatar shanu ce aka sa a jerin 2023, masu harkar ƙirgi sai su lura.

Inda abin ya taɓa mu sosai shi ne 'yan uwanmu 'yan ci-rani a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashen nan biyu su ke fitar da sama da rabin kokon duniya kuma Turai ce babbar mai saye. Hukumar koko da kafe ta Kwaddibuwa ta yi ƙidayar manoma tana raba musu kati saboda a san gonar kowa. Wanda gonarsa ke cikin dajin gwamnati, ko lebura da ke aiki a irin wannan gona, shi ne zai ji a jikinsa, babban kamfani kam yana da kuɗin ɗaukar masu awo.

Tsadar koko da aka gani a 2024, lokacin da tan ɗaya ya haura dala 12,000 a kasuwar New York, rashin kyan yanayi da cutar itatuwa ne suka jawo ta, kada wani ya ɗora wa dokar. Manomi a Kwaddibuwa ma gwamnati ce ke yanka masa farashi, kilo yana sefa 1,000 a ƙarshen 2023, ya kai 1,800 a Oktoban 2024. Manjan da ake auna mana a kasuwar Dole kuwa, in ya tashi a fara tambayar canjin naira da kuɗin mota da halin da iyaka ke ciki kafin a kai ga Turawa.