Waiwaye: yadda gem ɗin jarumta ya baro tebur ya shige waya

Muhawarar iyaye da matasa a Bauchi kan gem ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A majalisun Yelwa da Wunti ƙorafin iyaye ɗaya ne: yaro ya ƙule a ɗaki da waya, a kira shi sau uku bai ji ba. Matasan kuma suna cewa ai ba duka gem ne na ƙwallo da harbi ba, akwai wanda kake zama jarumi cikin labari, kai ke zaɓar abin da za ka yi. Kowane ɓangare yana magana kamar da wayar hannu abin ya zo, alhali ya girme ta nesa ba kusa ba.

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Kayan wasan takarda ne da fensir da dayis, sai mutum huɗu ko biyar zagaye da tebur, ɗaya shi ne jagora. Jagora zai ce, "Kun iso bakin kogo, ga mai gadi." Wannan ya ce zai yaƙe shi, wancan ya ce a'a, bari ya yi masa daɗin baki. A jefa dayis mai fuska 20, jagora ya yanke abin da ya faru, labari ya ci gaba. Kamar tatsuniyar dare ce da masu sauraro ke da bakin magana a cikinta.

Shekarar da ba a cika waiwaya ba ita ce 1975. Jami'ar Illinois tana da tsarin kwamfuta na koyarwa mai suna PLATO, kuma a kansa ne Rusty Rutherford ya rubuta wani gem na shiga kogo da aka sani da pedit5, sunan da bai yi kama da na wasa ba. An sha goge shi, tunda ba don wasa aka tanadi na'urar ba. A wannan tsakanin Gary Whisenhunt da Ray Wood suka yi nasu mai suna dnd. Masoya wasan tebur ne, sun so su kwashe shi duka su zuba a kwamfuta, sai dai na'ura lissafi kawai ta iya. Ta ɗauki jefa dayis, ta ɗauki makin lafiya da ke raguwa idan an sare ka, da makin gogewa da ke ɗaga matsayinka idan ka kashe dodo. Mutumin da zai ji shawarar da ba wanda ya taɓa tunaninta ya ce "to, gwada mu gani" shi ne ya gagare ta. Yi wa mai gadi daɗin baki ya fita daga lissafi, saura yaƙi da tara maki. Abokan zaman ma sun zama ba dole ba. A ganina tun daga nan aka shuka abin da iyaye ke kuka da shi yau: mutum shi kaɗai, yana maimaita faɗa ɗaya sa'o'i don lamba ta hau.

Wizardry da Ultima na 1981 a kan wannan tubali suka ginu. Japan ta karɓa ta sauƙaƙa da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987, daga nan salon ya bazu har ya iso wayoyinmu. Ɗalibin da ke Gwallameji yana ƙirga makin jaruminsa dokokin tebur yake bi, ko da bai taɓa ganin dayis ɗin da ya wuce na ludo ba.

An yi ta ƙoƙarin dawo da jagoran. Baldur's Gate na 1998 ya cika hira da zaɓi, na ukunsa kuwa, wanda ya fito a 2023 ya lashe kambun gem na shekara, har dayis mai fuska 20 yake juya maka a allo, kuma mutum huɗu na iya bugawa tare. Sai dai yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko na'ura irin PlayStation 5, ga nauyi fiye da gigabait 100, wanda a tsadar data da halin wutarmu ba kowa zai sauke ba. Wanda ke isa hannun yawancin yaran Bauchi shi ne na kyauta a waya, mai tara maki zalla.