Sauya tayar ƙaramar mota a Arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Ta yaya zan san girman tayar da ta dace da motata?

A jikin tayar a rubuce yake. Duƙa ka duba gefenta, za ka ga lambobi irin 195/65 R15 91H. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 195. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na wancan faɗin. 15 kuma girman wili ne da inci. Biyun ƙarshe su ne mutane ke tsallakewa: 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, H kuma tana jure gudun kilomita 210 a awa. Da T ce, 190 ke nan. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta, balle mu da Corolla ɗaya ke ɗaukar iyali da buhun gero daga Gidar zuwa Garwa. Sai dai tayar da ke ƙafar motar yanzu ba lallai ita ce daidai ba, don wataƙila mai motar na baya abin da ya samu ya sa. Buɗe ƙofar direba, yawancin motoci suna da 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin da ke nuna girman taya da yawan iska.

Sabuwa ta yi tsada. Me zai hana in sayi okaziyon, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a Turai?

Nan ne nake so a tsaya a nutsu. Ba na zargin mai sayen okaziyon, kowa ya san yadda sefa take wuyar samu. Amma zane mai zurfi ba shi ne lafiyar taya ba. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta yi tauri, zafin watan Afrilu a Marwa kuwa, da yake haura digiri 40, ba ya yafe wa tsohuwar roba.

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai suke, sai ka ce wa mai shago ya juya maka ita. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar, a jefar da ita idan ta cika goma ko da tana ƙyalli. A ganina, wadda ta riga ta ci shekara shida a Turai ba ta da sauran abin da za ta ba ka a kwaltarmu.

Sannan ka sa hannu cikinta ka shafa. Faci a tsakiyar zane, in an yi shi da kyau, ana iya zama da shi. Faci a gefe, ko kumburi kamar ƙwai, ko tsattsagewa a gindin zanen, ajiye ta ka wuce. Akwai ma masu sake yanka zane a jikin suɗaɗɗiyar taya da ƙarfe mai zafi su shafe ta da baƙin mai. Tayar ƙaramar mota ba a yi ta don haka ba, robar da ta rage tsakaninka da waya ce suke yankewa.

An ce wasu tayoyin na ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne?

Ƙwarai, kuma suna da yawa a cikin okaziyon. An yi su ne don sanyin da ya gaza digiri 7, robarsu laushi gare ta. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, da ƙananan tsagogi sirara birjik a kan zanen, sau da yawa da kalmar Winter ko Snow. A zafinmu suna cinyewa da wuri, birki kuma ba ya kama su yadda ya kamata. Wanda ya taɓa gangaro tsaunin Gaundare da kaya ya san abin da birki yake nufi.

Kuɗina na guda biyu ne kacal. Gaba zan sa ko baya?

Baya. Direbobi da yawa za su yi gardama, don gaba ce ke cin taya. Amma in gaba ta zame a ruwan damina, da sitiyari kana iya gyarawa. In baya ta zame, motar juyawa take yi. Biyun kuma su zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Yaushe taya ta ƙare?

Cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu ƙanana masu tsayin milimita 1.6. Ranar da zanen ya yi daidai da su, ta gama aiki. In kuma gefe ɗaya kawai take ci, saitin ƙafa ne ya karkace, ramukan hanyar Mora zuwa Kusuri sun isa su yi haka. A gyara saitin tukuna, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi.

Mai faci ya ce in rage iska a bazara kada taya ta fashe.

Kada ka yarda. Taya mai ƙarancin iska ce ke lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, wayoyinta su rabu da robar, ta tarwatse ana cikin gudu. Auna iska da sassafe kafin motar ta yi tafiya, ka bi abin da ke jikin ƙofa, a ƙananan motoci galibi wajen bar 2.2 ne a ma'aunin iska. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta ƙaru, zafi ne ya ɗaga ta, kada ka sace. A auna safaya ma, wata ɗaya sau ɗaya.